Kafin Ka Sayi Kango, Tambayi Abin da Ya Kori Masu Shi

Kusan kowane gari a ƙasar Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa yana da kangonsa. Katanga ta zube, ciyawa ta rufe tsakar gida, awaki ne ke kwana a zaure. Mai wucewa ba ya ko waiwaye. Amma magidancin da ya gaji da biyan kuɗin haya yakan tsaya ya duba, ya fara lissafi a zuci.

Da yawa daga cikinmu muna cikin masu wannan lissafi. Malaman makaranta, da masu bishara, da ma'aikatan asibiti, mun saba zama a gidan aiki. Ranar da aiki ya ƙare kuwa, tilas a miƙa mabuɗi. Ga shi gina sabon gida ya yi wuya. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Sabon fuloti kuma yawanci can bayan gari yake, ba rijiya, ba maƙwabta. Kango kuwa yana cikin mutane, yana da hanya, wani lokaci har da rijiya da itacen mangwaro. Kuɗinsa kuma bai kai na gidan da ake ciki ba.

Saboda haka sayen kango dabara ce mai kyau. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Bahaushe ba ya barin gidan da aka binne cibiyarsa ya rushe haka kawai. Kowane kango yana da dalilin da ya sa ya zama kango, kuma wanda ya saye shi ya saya har da dalilin. Yawanci dalilin ɗaya ne daga cikin uku: ko rigimar gado, ko ruwa, ko kuwa masu gidan sun yi ƙaura babu mai lura. Aikin mai saye na fari shi ne ya gane wanne ne a cikinsu.

Kangon gado

Wannan shi ya fi yawa, shi ya fi haɗari kuma. Maigida ya rasu ya bar mata da 'ya'ya. Ba a raba gado ba. Kowa yana da rabo a gidan, don haka ba wanda zai sa kuɗinsa ya yi yaɓe. Damina biyu ko uku, ɗakuna sun fara faɗuwa. Sa'an nan ɗaya daga cikin 'ya'yan, wanda yake kusa ko wanda bukata ta matsa masa, ya nemi dillali.

In mamacin Musulmi ne, rabon gadonsa yana da ƙa'ida sananniya. Ana fara biyan bashi. Matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas in ya bar 'ya'ya, in bai bari ba tana da ɗaya bisa huɗu. Ɗa namiji yana samun ninki biyu na 'ya mace. Watau 'yar da take gidan aure a Saminaka, da ɗan da yake neman kuɗi a Legas, da jaririn da ake goyo, duk suna da haƙƙi a wannan katanga da ta zube. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabonsu sai da yardarsu. Rabon maraya kuwa, sai ta hannun mai kula da shi, kuma gara a bi ta kotu. Akwai kuma abin da malamai ke kira shufu'a: in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna iya mayar wa baren kuɗinsa su karɓi abinsu.

A gidajenmu na Kirista ma haka abin yake, ko da yake hanyar rabon ta bambanta. Babban gida na kaka yakan zama na dangi duka, ba na mutum ɗaya ba. Wanda yake zaune a ciki ba lalle shi ne mai shi ba.

Abin lura shi ne, magada ba su cika tasowa a ranar ciniki ba. Sukan taso ne bayan an sa kwano, an yi fenti, gida ya yi kyan gani. A lokacin nan guminka na shekara ashirin ya riga ya shiga gini, ba kuwa za ka iya ɗauke shi a ka ba.

To, yaya za a sani? Matambayi ba ya ɓata. Kada ka tsaya ga bakin dillali, gama la'ada yake nema. Je ka gai da mai unguwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, gidan nan na wane ne tun asali? 'Ya'yansa nawa? An raba gadon?" Bari uwargida ta shiga gidajen maƙwabta ta gai da tsofaffin mata. Su ne suka san wadda aka aurar zuwa wani gari da wanda ya yi fushi ya tafi. Sau da yawa abin da mata za su ji a hira ɗaya, maza ba za su ji shi a wata guda ba. Ka tambaya kuma ko gidan yana jingina, ko aro aka ba wanda ya gina shi, ko akwai kabari a ciki.

Me ake saye?

Yana da kyau mu san abin da doka ta ce. Tun ranar 29 ga Maris, 1978, a zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta sa dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. A nan Arewa abin ba baƙo ba ne, gama dokar ƙasa ta 1962 ta riga ta yi kusan haka. Ma'anarsa ita ce, ba ƙasar kanta kake saye ba. Kana sayen ikon zama a kanta, tare da ginin da itatuwan da ke kai.

A wuraren da gwamnati ta ɗauka birni ne, Gwamna ke ba da takardar shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99, kuma sai da yardarsa ake canja mai ita. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama bisa al'ada, dokar kuma ta ce a nemi amincewarta kafin a sayar. Yawancin tsofaffin gidajen garuruwanmu ba su da wata takarda, shaidarsu tana bakin dattawa ne. Wannan bai hana saye ba, amma ya wajabta maka ka fara yi wa gidan takarda daga kanka. In kuwa mai sayarwa ya nuna takardar gwamnatin jiha, a kai ta Kano, ma'aikatar ƙasa ko hukumar KANGIS, a tabbatar ta gaske ce kuma sunansa ne a kai.

Dokar ta kuma ba gwamnati ikon karɓar wuri domin aikin jama'a, ta biya diyyar gini da itatuwa. Mutanen wannan yanki sun san haka tun kafin 1978. Sa'ad da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, tsakanin 1971 da 1974, an tashi ƙauyuka an sake musu matsuguni. Don haka in kangon yana bakin babban titi, kamar na Kano zuwa Zariya, ka auna. Titin gwamnatin tarayya yana da haraba wajen mita 45 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Haka nan a guji ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da gefen hanyar jirgin ƙasa. Wani kango an riga an biya diyyarsa, shi ya sa aka bar shi.

Kangon ruwa

Kudancin Jihar Kano ya fi birnin samun ruwan sama. Wajen Riruwai, hedkwatar Doguwa, inda duwatsu suke, ruwan shekara yakan wuce milimita 1,000. Albarka ce ga masara da shinkafa, amma gwaji ne ga ginin ƙasa.

Dillalai sun fi son nuna gida da rani, lokacin da ko fadama ta zama tudu. Kai kuwa ka ga gidan a watan Agusta, da safe bayan an kwana ana ruwa. Gani ya kori ji. Tsaya a ƙofar gida ka duba ina ruwan unguwa yake bi. In titi ya fi tsakar gidan tudu, ruwan kowa a gidanka zai kwana. Dubi gindin katanga. In akwai gansakuka, ko wani layin danshi da ya hau har gwiwa, ko ƙasar tana marmashewa a hannu, to ruwa yana cin ginin daga ƙasa.

Tambayi tsofaffi ko a dā akwai kududdufi a wurin. A garuruwanmu, ramin da aka haƙi ƙasar gini yakan zama juji, juji ya cika, wani ya zo ya yi gini a kai. Irin wannan wuri yakan yi ta lotsawa shekara da shekaru, kowane bango aka ɗora sai ya tsage.

Leƙa rijiya sau biyu, da damina da kuma watan Afrilu. In da damina ruwan yana kusa da baki, ƙasar wurin jiƙaƙƙiya ce, masai ma zai riƙa cika. In da bazara ta ƙafe, ka san akwai sayen ruwa a gabanka. Auna tsakanin rijiya da masai, naka da na maƙwabta. Masana lafiya suna son a sami mita 30. A nemi kuma inda tsofaffin masai da rijiyoyin da aka binne suke, domin kada a ɗora ɗakin yara a kansu.

Ana iya gyara rufin da yake yoyo. Ana iya haƙa kwata a karkatar da ruwan tsakar gida. Amma gidan da yake kan hanyar ruwa, ko a cikin kwari, ba shi da magani sai bari. Araha ba ta ado.

Kangon da ya cancanci saye

Na uku shi ne wanda ake nema. Masu gida sun koma Kano ko Kaduna, ko tsohuwar da take ciki ta koma wurin 'ya'yanta. Ba rigima, ba ruwa, rashin mai yaɓe ne kawai. Ginin ƙasa yana son hannu. In ana lura da shi yakan daɗe ƙwarai. Gidan Makama a Kano, da tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da majami'ar Bartholomew mai tsarki a Wusasa wadda aka gina wajen 1929, duk aikin ƙasa ne. Saboda haka kada a raina gida don ba na bulo ba ne. Ɗakin ƙasa ya fi sanyi da bazara, ya fi ɗumi da hunturu.

Kafin a yi maganar kuɗi, ɗauki magini wanda ka amince da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka biya shi ladan yininsa, ku zaga tare. Ga abubuwan dubawa.

Bango. Tsaya a kusurwa ka hanga tsawonsa. Bangon da ya yi ciki ko ya karkata, rushe shi za a yi. Ƙananan tsaga a jikin yaɓe ba kome ba ne. Tsagar da ta taso daga ƙasa ta yi sama a karkace, ko wadda ta raba kusurwa biyu, daga harsashi take. In kana shakka, a shafa ɗan kwaɓi a kan tsagar, a dawo bayan mako huɗu. In ya sake tsagewa, ginin yana motsi har yanzu.

Rufi. In soro ne, a ƙwanƙwasa azara ɗaya ɗaya, musamman inda ta shiga bango. Azarar giginya mai kyau gara ba ta cika cinta ba, amma danshi yakan ruɓar da bakinta. Dubi indararo. Wanda ya toshe ko ya karye shi ne yakan kashe soro, gama ruwa yakan kwanta a kai ya yi nauyi. In kwano ne, shiga ɗaki da tsakar rana ka rufe ƙofa, hasken da ya shigo zai nuna maka hujojin. A soki katakon rufi da wuƙa. Gara takan cinye ciki ta bar fata. In akwai tsohon silin na asbestos, kada a farfasa shi a bushe, ƙurarsa tana cutar huhu.

Gara. Nemi hanyoyinta na jar ƙasa a jikin bango da ƙyaure. In akwai suri a cikin gida, sai an haƙe shi har an fitar da uwar.

Iyaka. Katangar da ta zube takan tafi da iyaka. A kira maƙwabta na kowane gefe su tsaya, a nuna iyakar a gabansu, a kafa alama. A san katangar da ake tarayya da wadda take ta gidan.

Ranar ciniki

Kada a biya a ɓoye, kada a biya da dare, kada kuma a biya don an ce wani yana zuwa gobe da kuɗi. A zauna a gaban mai unguwa ko dagaci. Dukan magada su zo, wanda ba zai iya zuwa ba ya aiko da yardarsa a rubuce. A rubuta takarda da sunan mai sayarwa da na mai saye, da tsawo da faɗin gidan, da sunayen maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, da kuɗin da aka biya. A ambaci rijiya da itatuwa, gama wani yakan sayar da gida ya ce bai sayar da ɗorawar da ke bayansa ba. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, da shaidu daga ɓangarorin biyu. In ana iya biya ta banki, ya fi, domin yakan bar shaida. Daga nan a kai takardar sashen ƙasa na ƙaramar hukuma. Kuɗin lauyan da zai duba takarda bai kai kuɗin zuwa kotu sau ɗaya ba.

Wata magana kuma ga magidanta. In uwargida ta sa kuɗin adashinta, ko ta sayar da awakinta, sunanta ya shiga takardar. Ko ba ta sa kome ba, ka rubuta wasiyya, ka nuna mata inda takardun suke. Mun ga gwauraye da marayu da dangin miji suka fitar daga gidan da suka ɗebi ruwan gininsa da kansu. Kada gidan da ka raya ya zama kangon gado a bayanka.

Mu tuna kuma da wanda yake sayarwa. Sau da yawa ciwo ne, ko bashi, ko kuɗin makaranta ya sa shi rabuwa da gidan ubansa. Neman ragi halal ne. Amma matse wanda wuya ta kama, ko haɗa baki da ɗa ɗaya a cuci 'yan'uwansa mata, bai dace da mai tsoron Allah ba.

Daga ina za a fara gyara?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba dukan kuɗi a saye, a rasa na gyara. Kango ba ya jira. Kowace damina da ta same shi a buɗe, sai ta rage abin da ka saya. Shawararmu ita ce, in abin da iyali suka tara naira miliyan 4 ne, misali, kada kuɗin saye da la'ada da takardu su wuce miliyan 2. Magini ya rubuta lissafin gyara kafin a biya kuɗin gida, sa'an nan ka ƙara wani abu a kai, gama sai an buɗe rufi ake ganin sauran ɓarna.

Lokacin aiki shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Maris. Akwai sauran ruwa a kududdufi, tubali yana bushewa da kyau, ma'aikata kuma sun gama aikin gona. Lalle a rufe kafin ruwan fari.

A fara da hanyar ruwa: a cike tsakar gida ta ɗan fi waje tudu, a fitar da kwata. Sa'an nan rufi. Bandir ɗin kwano falle 20 ne. A bar bakin kwanon ya zarce bango sosai domin ruwa ya zuba nesa da gindi, a kuma shafa wa katako maganin gara kafin a ɗora. Bayan rufi sai gindin bango: a yi masa dakali na dutse ko siminti kewaye. Daga nan masai da wurin wanka, da murfin rijiya saboda yara, da ƙyamare. Fenti da tayil su ne na ƙarshe, suna iya jiran shekara mai zuwa.

A yi hankali da shafa siminti a kan bangon ƙasa. Su biyun ba su cika kama juna ba. Ruwa yakan shiga ta tsaga ya kwanta a bayan simintin, bango yana ruɓewa a ɓoye, waje kuwa sumul. Magina na dā suna da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. In an sami tsohon magini da ya iya su, a yi amfani da shi. In kuwa siminti za a sa, a kafa ƙusoshi da ragar waya tukuna, a kuma toshe kowace tsaga da zarar ta bayyana. Wanda zai ƙara ɗakin bulo ya yi masa nasa harsashi dabam, kada ya ɗora shi a kan tsohon bangon ƙasa. Bulo 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, da wannan za ka iya bin lissafin birkila.

Ba tilas a gyara gida duka a shekara ɗaya ba. A gama ɗaki biyu da masai a shiga. Kuɗin hayar da aka huta biya shi zai gina na uku. Yara ma su ɗebi ruwa su miƙa tubali a ranar Asabar. Yaron da ya sha wahalar ginin gida ba zai bar shi ya zube ba.

Maƙwabta

Wanda ya sayi kango ya shiga tsakiyar mutanen da suka riga shi. A garuruwa da yawa na wannan yanki maƙwabtanmu Musulmi ne. Tun ranar fari ka faɗi ko kai wane ne, da abin da za ka yi da gidan. In gidan zama ka ce, ya zama gidan zama. Wurin sujada yana da tasa hanyar neman izini, kada a saya da suna ɗaya a yi wani abu dabam. Kada a buɗe taga tana kallon tsakar gidan wani, kada indararonka ya zuba a bangon maƙwabci. A bar zaure ko wani wurin karɓar baƙi, yadda al'adar gari take. Ranar da aka tare, uwargida ta aika da abinci gidajen da ke kewaye.

Maƙwabta suna murna in kango ya rayu, gama kango maɓoyar macizai ce da ɓarayi. Su ne kuma shaidunka in wata rana wani ya taso da magana bayan dattawan da suka sa hannu sun shuɗe.

Saboda haka, ya mai karatu, in akwai kangon da ya shiga ranka, kada ka yi gaggawa. Ka yi tambaya da rani, ka duba da damina, ka biya da kaka a gaban shaidu, ka rufe kafin ruwa ya sauko. Shekara guda ke nan, ba ta kuwa yi yawa ba ga gidan da jikokinka za su kira nasu. Allah ya ba kowane iyali wurin sa haƙarƙari cikin salama.